Fiye da Kima: To, Wace Kimar?

Duk daminar duniya, da zarar jirgi ya kife a ɗaya daga cikin gulabenmu, akwai jimla guda da ba ta taɓa makara. Kafin a gama tsamo gawarwaki, za ka ji ta a bakin jami'i, ka ji ta a rediyo, ka karanta ta a jarida: wai jirgin ya ɗauki kaya da mutane fiye da kima. An faɗe ta a watan Mayun 2021, lokacin da jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara ta Jihar Kebbi. An maimaita ta a ƙarshen Nuwamban shekarar, da jirgin Bagwai ya kife a madatsar Watari, ya ci ɗaliban Islamiyya. An sake faɗinta a Shagari a Afrilun 2022, sannan a ranar Lahadi 17 ga Agustan 2025, da jirgin masu zuwa kasuwar Goronyo ya kife da mutum sama da 50.

Ni ma na rubuta wannan jimla, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Yau ina so in janye ta, domin na gane cewa maganar banza ce da ta sa rigar bayani. Wanda ya ce abu ya wuce kima, ya kamata ya iya faɗin kimar. Ka tambayi mai sanarwar: kilo nawa jirgin ya cancanci ɗauka? Wa ya auna shi? Yaushe? Ina aka rubuta? Ba za ka sami amsa ba. Har adadin waɗanda ke cikin jirgin ma da “kimanin” da “sama da” ake faɗinsa, don ba wanda ya ƙirga su a bakin gaɓa. Muna yanke wa matuƙi hukuncin ƙetare iyakar da ba mu taɓa shata masa ba.

A ƙasar Isa da Sabon Birni wannan batu ya fi ciwo. Nan ne gulaben Bunsuru da Gagare ke haɗuwa su zama Rima, gulbin da Gobirawa suka kafa Alkalawa a gefensa. Da rani yaro kan taka wasu wuraren da ƙafa ya wuce, amma daga Yuli zuwa Satumba ruwa kan cika fadama ya raba ƙauye da kasuwarsa, ya raba mai naƙuda da asibiti. Ga kuma 'yan bindiga da suka mayar da hanyar mota abin tsoro. Ba wanda ya manta matafiyan da aka ƙona cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021. Mutumin da hanya ta gagare shi, ruwa yake bi. Saboda haka kwale-kwalen fito ya zama motar haya, ya zama motar asibiti, wani lokaci ma ya zama hanyar tsira da rai. Kuma a duk wannan aiki, babu lamba ko ɗaya a jikinsa.

Na taɓa tsayawa a wani mashigi a gabashin Isa, na tambayi wani dattijo mai fito nawa jirginsa ke ci. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce hakan ya danganta da ranar: ran kasuwa daban, ran da ba kasuwa daban. A lokacin na ɗauki amsar a matsayin raha. Daga baya na fahimci gaskiya ya faɗa mini tsagwaronta. Jirgin da ba a auna ba, yawan masu jiran fito ne ke yanke masa kima.

Tan ɗin da ba nauyi ba

Turawan da muke ganin sun ƙware a harkar jiragen ruwa, su ma sun daɗe cikin irin wannan duhu, kuma yadda suka fita daga cikinsa akwai darasi. Kalmar “tan” da muke ji a yau ta samo asali daga sunan wata babbar ganga da ake zuba giyar inabi a ciki, ana jigilarta daga Bordo ta Faransa zuwa Ingila tun ƙarnuka masu yawa. Gangar tana cin galan 252, wato kimanin lita 954. Idan aka ce jirgi mai tan 80 ne, ana nufin yana cin ganga 80. Daidai yake da yadda ɗan Sabon Birni zai ce jirgin wane yana cin buhu 30. Awo ne na kaya guda, a kan hanya guda, kuma yana aiki muddin kowa abu ɗaya yake ɗauka.

Da ciniki ya faɗaɗa, hukuma ta buƙaci lambar da za ta ɗora haraji a kanta, sai aka ƙirƙiro lissafi, aka mayar da shi doka a Birtaniya a 1773. Akwai misalin wannan lissafi da ya shafe mu kai tsaye. A 1832 wasu jirage biyu masu tafiya da tururi suka taso daga Liverpool suka shigo kogin Kwara, kogin da ruwan Rima ke ƙarewa a cikinsa. Jagoran tafiyar shi ne Richard Lander, baran Kyaftin Clapperton wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, tare da ɗan kasuwa Macgregor Laird. Sunan ƙaramin jirgin Alburkah, daga kalmarmu ta albarka, kuma littattafan tarihi sun ce mai tan 55 ne. Tsawonsa ƙafa 70, faɗinsa ƙafa 13, wato kimanin mita 21 da mita 4.

Ga yadda aka sami 55 ɗin. A cire kashi uku cikin biyar na faɗin daga tsawon, ya rage 62.2. A ninka da faɗin, a sake ninkawa da rabin faɗin, sannan a raba da 94. Abin da zai fito ya ɗara 55 da kaɗan. Mai karatu ya lura da abin da ya ɓace: ba a auna zurfin jirgin ba ko kaɗan. An ƙaddara kawai cewa zurfin kowane jirgi rabin faɗinsa ne. Masu jirage kuwa ba wawaye ba ne. Tunda faɗi ake biya wa haraji, zurfi kuma kyauta ne, sai suka riƙa ƙera jirage matsattsu masu zurfi, waɗanda ke cin kaya da yawa, suna biyan kuɗi kaɗan, suna tangal-tangal a teku. Gurɓataccen ma'auni ya haifi gurɓataccen jirgi, kuma ma'aikatan jirgi ne suka biya da rayukansu.

A 1854 aka karɓi tsarin George Moorsom, wanda ya ce a auna ainihin sararin cikin jirgi, a ƙirga kowace kubik ƙafa 100 a matsayin tan ɗaya. A ma'aunin zamani, wannan tan ɗin kubik mita 2.83 ne. Kubik mita kuwa akwati ne mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Yana cin lita 1,000, wato jarka 40 irin mai lita 25 da ’yan ga-ruwa ke turawa a kura. Don haka idan ka karanta cewa Titanic mai tan 46,328 ne, ba nauyinsa ake gaya maka ba. Ninka da 2.83, za ka sami sararin ciki na kimanin kubik mita 131,000. Nauyinsa lissafi ne daban, ya haura tan 52,000. Akwai kuma tan na 'yan dakon kaya, mai kubik ƙafa 40, wato kubik mita 1.13. Tun daga yarjejeniyar duniya ta 1969, wadda ta fara aiki a 1982, lambar girman jirgi ta daina zama tan kwata-kwata. Lamba ce zalla da ake fitarwa daga sararin jirgin a kubik mita.

Kalma ɗaya, ma'ana huɗu ko biyar. Wanda ya ɗauki 55 ɗin Alburkah ya ninka da 2.83 ya yi kuskure, domin ya auna jirgin 1832 da mudun 1854. Wanda ya fassara lambar Titanic da cewa nauyi ce, shi ma ya yi kuskure, kuma mu 'yan jaridar Hausa mun sha yin wannan a duk lokacin da wani katafaren jirgi ya shigo labari. Ƙa'idar farko ta sauya tsohon awo zuwa sabo ita ce tambaya: me aka auna, da me aka auna, don amfanin wa? Awon jiragen Turawa na farko don mai karɓar haraji aka yi shi. Sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo kafin a yi awon da ya damu da ran wanda ke cikin jirgin.

Layin Plimsoll

Wanda ya tilasta wannan sauyi ɗan majalisa ne mai wakiltar Derby, Samuel Plimsoll. A zamaninsa masu jirage kan cika tsofaffin jirage da kaya har wuya, su yi musu inshora mai tsoka, su tura su teku. In sun isa riba, in sun nutse ma riba. Ya yi ta gwagwarmaya har ya fusata a zauren majalisa a 1875, ya zagi masu jiragen a bainar jama'a. A 1876 doka ta wajabta a zana alama a jikin kowane jirgi, wadda idan ruwa ya rufe ta, lodi ya wuce iyaka. Sai dai dokar ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana layinsa, wanda daidai yake da a ba kura ajiyar nama. Sai a 1890 hukuma ta karɓi ikon tantance wurin layin. Yau duk babban jirgin da ya tsaya a Apapa yana ɗauke da wannan alama, har da layi na musamman don ruwan daɗi, saboda jirgi ya fi nutsewa a kogi bisa yadda yake yi a teku: kubik mita ɗaya na ruwan kogi kilo 1,000 ne, na ruwan gishiri kuwa kimanin 1,025.

Hikimar layin ita ce ba ya buƙatar karatu. Mai jirgi, da ɗan dako, da tsohuwar da ke shirin shiga, duk ido ɗaya suke da shi a kansa. Lissafin mai wahala an yi shi sau ɗaya, an mayar da shi fenti.

Mu auna namu

Ga misali, mu ƙaddara kwale-kwale mai tsawon mita 10, faɗin mita 1.2, zurfin santimita 60. Tsawo sau faɗi ya ba da murabba'in mita 12, amma da yake goshi da ƙeyar jirgi sun tsuke, mu ɗauki kashi bakwai cikin goma, wato 8.4. Ka'idar da Arkimidis ya gano fiye da shekara dubu biyu da suka wuce ta ce abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa. Ma'ana, duk santimita ɗaya da wannan jirgi ya ƙara nutsewa, an ɗora masa kilo 84 ke nan.

In babu kowa a ciki, a ce santimita 15 na jikinsa na cikin ruwa. In muna so mu bar santimita 25 tsakanin ruwa da bakin jirgi saboda igiyar ruwa da iska da motsin fasinja, saura santimita 20 na lodi. Ashirin sau 84 ya ba da kilo 1,680. Wannan ita ce kimar. In an ƙaddara kowane mutum kilo 60, mutum 28 ke nan, ba tare da kaya ba. In aka ɗora buhu biyar na gero masu kilo ɗari-ɗari da babura uku, an cinye fiye da kilo 800, saura gurbin mutum 14 kacal.

Yanzu a duba abin da ke faruwa ran kasuwa. Mutum 50 sun shiga, kilo 3,000. Jirgin zai nutse da ƙarin santimita 36, ya bar santimita 9 a sama, faɗin tafin hannu. Bai nutse ba. Zai ƙetare yau, ya ƙetare gobe, ya ƙetare sau ɗari. Saboda haka idan mai fito ya rantse cewa ya sha ɗaukar hamsin lafiya lau, ba ƙarya yake yi ba. Abin da gogewarsa ba ta nuna masa shi ne, tsakanin fasinjojinsa da lahira tafin hannu ne kawai, kuma kututture ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ko mace ɗaya da ta zabura ta miƙe, ya isa. Ranar da hakan ta faru sai mu ce ya wuce kima, alhali jiya da irin wannan lodin ya wuce a gabanmu muna kallo.

Wannan lissafi na kan takarda ne, kuma jirgi na gaske ba akwati ba ne. Inda aka ɗora kaya da tsayinsu ma suna da tasiri, shi ya sa babur a tsaye ya fi buhu a kwance haɗari. Amma akwai hanyar da ta fi takarda sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A ja layi a jikin jirgi inda ake so ruwa ya tsaya, a riƙa jera jarkoki cike da ruwa a ciki ana ƙirgawa har ruwan gulbi ya taɓa layin. A jirgin misalinmu za a tsaya a wajen jarka 67. Kayan aikin duka: tef ɗin tela, jarkokin aro, gwangwanin fenti, da yini guda.

Abin da za a ce

Na san uzurorin, domin na sha jin su daga bakin masu ilimi irinmu, ba daga bakin masu fito ba.

Na farko, za a ce sarakunan ruwa da masu fito sun gaji sana'ar kaka da kakanni, sun fi ɗan boko sanin jirginsu. Wajen sanin ruwa, haka ne. Ba ni da abin da zan koya wa mutumin da ke gane zurfi daga launin gulbi. Amma kakansa bai ɗauki babur ba, bai ɗaura inji a bayan jirgi ba, bai yi fito da garin da ya tashi gaba ɗaya cikin dare ba. Kuma lamba kariya ce gare shi kafin kowa. A yau in ya ce jirgi ya cika, mai unguwa ko surukinsa zai ce, “Haba Sarkin Ruwa, mutum ɗaya ne fa.” Kunya ba za ta bar shi ya ƙi ba. In da layi, sai ya nuna layin, ya ce ba ni na hana ba.

Na biyu, za a ce ajali ne, in ya zo ko jirgin ba kowa sai ya kife. Ba mai musun ajali. Amma al'ummar da ke wannan magana ita ce kuma al'ummar da ba ta wasa da awo a wajen ibada. Malamanmu sun san sa'i mudu huɗu ne na mudun Annabi (SAW), sun san nisabin zakkar hatsi wasaƙi biyar ne, kowane wasaƙi sa'i 60, kuma duk ƙarshen azumi suna zama su sauya wannan tsohon awo zuwa tiya da kwano da kilo domin kada wani ya tauye zakkar kono. Sauya tsohon ma'auni zuwa sabo ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Shehu. In mun iya yi wa hatsi, me ya hana mu yi wa rai? An ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Na uku, za a ce ai gwamnati na raba rigunan kariya. Madalla, kuma a ci gaba. Sai dai riga tana aiki ne bayan jirgi ya kife. Layi kuwa aikinsa hana kifewar. Dalilin da ya sa rabon riguna ya fi farin jini a wurin masu mulki ba ɓoyayye ba ne: akwai kwangila a ciki, akwai taro, akwai hoto. Gwangwanin fenti ba ya tara 'yan jarida.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi: za a ce mutumin da ke gudun harsashi ba zai tsaya duba layi ba. Gaskiya ne, kuma ba zan yi wa wanda ke tsere da iyalinsa wa'azin santimita ba. Amma mafi yawan fito ba na gudun hijira ba ne; na kasuwa ne, na gona, na biki, na jana'iza. Jirgin Goronyo kasuwa za shi. Sannan awo ne kaɗai zai iya gaya wa ƙaramar hukuma cewa ƙauye mai mutum kaza, da jirage biyu masu cin kilo kaza, yana buƙatar sawu nawa kafin ya kwashe jama'arsa. Daga nan ne za a san inda ya kamata a ƙara jirgi tun kafin ranar tashin hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zan ƙara da wanda ba a faɗa ba: lamba ita kaɗai ba ta ceto. Jirgin Joola na Senegal yana da takardar izinin ɗaukar ƙasa da mutum 600, amma da ya kife a 26 ga Satumban 2002, mutum 1,863 hukuma ta ce sun mutu. Sai dai saboda akwai lambar, duniya ta san girman laifin, ministoci suka sauka daga muƙamansu. A wajenmu babu lambar da za a tuhumi kowa da ita, don haka kowane haɗari yana ƙarewa da ta'aziyya da buhunan shinkafa.

A wuyan wa?

Nijeriya ta koma ma'aunin mita da kilo tun cikin shekarun 1970. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, tana nan tun 1997 da hedikwata a Lakwaja, kuma tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya sukutum ta harkokin ruwa. Mun san madatsar Goronyo an gina ta don ta riƙe kubik mita miliyan 942. Ƙasar da ta iya auna tafki ba za ta ce kwale-kwalen da ke yawo a kansa ya gagare ta ba.

Amma ba sai an jira Lakwaja ko Abuja ba. Ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni za su iya kiran sarakunan ruwa da hakimai kafin ruwan Yuli ya sauko, a ƙirga jiragen kowane mashigi. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna neman aikin kammala karatu duk shekara. Ga shi nan a bakin gulbi. A auna kowane jirgi a gaban jama'a, a ja masa layi da jan fenti, a rubuta kilonsa da adadin mutanensa da boko da ajami. Kada mai jirgi ya zaɓi wurin layin shi kaɗai, kada kuma a mayar da awon wata sabuwar hanyar karɓar haraji, domin mun ga abin da hakan ya haifar a Ingila. Kuma tunda rage lodi rage kuɗin shiga ne ga mai fito, dole a zauna a daidaita kuɗin fito, in ba haka ba layin zai shuɗe da damina ɗaya.

Mu kuma masu alƙalami da makirufo, namu ya fi sauƙi. Duk jami'in da ya sake cewa jirgi ya ɗauki fiye da kima, kada mu rubuta mu wuce. Mu tambaye shi: ranka ya daɗe, kilo nawa ce kimar, kuma wa ya auna?